Aikin Eli ba ya fitowa a fuska

Ɗana Eli, tun yana ƙarami shi ke wasa wa maƙwabta fartanya a Fadan Kaje. Yanzu a Kafanchan ma gyaran kayan aikin wasu yake yi, sai dai a kwamfuta. Akwai wani shafin intanet da mutane daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare, kyauta. Na ce ya nuna mini nasa. Ya ce, "Mama, nawa ba ya fitowa a fuska. Ƙananan kayan aikin da sauran ke gwada aikinsu da su nake gyarawa."

Shekara shida yana haka. Bara shafin ya samu tallafi, aka ce za a ɗauki mutum uku aiki. Na yi azumi, zumuntar matan coci suka taya ni addu'a. Sai aka ɗauki waɗanda ake ganin aikinsu. Eli kuwa, aka ce ɓangarensa ba ya ba da matsala.

To wa ya hana shi ba da matsalar?

Jiya ma na same shi yana yi wa masu shafin gyara. Na gaya wa Fasto na yafe musu. Ubangiji ya san ban yafe ba tukuna.