Ƙarfen da Inna Ta Kai Cigiya

Daminar da na je gida goyon ciki, a ƙauyenmu na bayan Babura, rediyo ba shi da zance sai na wani tauraron ɗan'adam mai makamashin nukiliya da ya tarwatse a wata ƙasa mai ƙanƙara. Aka ce gubarsa ba a ganinta, ba a jin warinta. Aka kuma ce ƙasashen duniya suna da doka: wanda ya harba abu sama, in ya faɗo wa wani, shi zai zo ya kwashe kayansa ya gyara ɓarna.

Ana cikin haka sai ga wani ƙonannen ƙarfe a tsakiyar gonar Inna, mahaifiyata. Babanmu ya rasu, gonar nan ita ce cinmu, ga ciyawa ta kusa shaƙe geron. Gayyar da Inna ta kira ta watse tun ba a sa fartanya ba. Ƙattin da na sani da cika baki suka tsaya daga nesa suna toshe hanci. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai unguwa kuwa ya aiko wai a bar gonar sai baɗi.

Inna ta ce, "Ba rediyo ya ce abin yana da mai shi ba? To, ai ɓatacciyar dabba ce."

A garinmu akuyar da ta faɗa gonar wani ba a dukanta. Ɗaure ta ake yi a kai ƙofar mai unguwa, har mai ita ya zo. Inna ta ɗauko igiyar guga ta zarge ƙarfen, ta ja shi ƙiii ta tsakiyar gari, ina biye da tsohon ciki ina salati. Ta ɗaure shi a turken ƙofar gidansa.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan. A yi cigiya."

"Haba Inna! A ƙofar gidana?"

"Da ina ake kai su?"

Mutumin da ya ce mu jira baɗi, kafin azahar ya haye keke sai Babura. Washegari ma'aikatan hukuma suka zo, suka juya ƙarfen, suka kwashe da dariya. Ashe salansar motar masu aikin titi ce, ruwa ya gangaro da ita. Ranar ƙattin nan suka shiga gonar da kansu, kowa kai a ƙasa. Ni kam guɗa na rangaɗa.

Da geron gonar aka yi furar sunan 'yata. Inna da kanta ta kai wa mai unguwa ƙwarya guda, ta tsaya gaban salansar da ke ɗaure har lokacin, ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ita bai zo ba?"