Hansai Mai Kitso da Gashin da Na Ƙona

Da an idar da sallar asuba a Zangon Agege, kafin jirgin safe ya yi kuka, Iya Hansai ta riga ta share ƙofar ɗakinta ta yayyafa ruwa. Sai ta shimfiɗa tabarma inda hasken gabas ke faɗowa, ta jera kayan aikinta a kan faifai: kibiyar kitso, matajin katako mai faɗin haƙora, ɗan almakashi, kwalbar alayyadi, kaskon man kaɗanya, da ganyen naɗe goro biyar ko shida a jiƙe. Daga nan ta zauna ta jira. Shekara arba'in ke nan tana haka. Amma a sha biyar ɗin ƙarshe jiran kawai take yi, don matan unguwarmu sun daina zuwa. Ni ce sanadi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Zuliha, 'yar marigayi Malam Shitu mai fataucin goro, matar Mu'azu akawun tasha, wanda ya koya mini boko. Ranar Talata mai zuwa Iya Hansai za ta hau jirgi ta koma Zariya wurin ɗan ƙanenta, saboda hannunta ya fara rawa. Na zagaya gidaje kwana uku, ban ji mace ɗaya da ta ce za ta raka ta tasha ba. Haba matan Zango! Ba na so tsohuwar nan ta bar garin nan da sunan da muka laƙa mata.

Tana yarinya ta zo Ikko da mijinta, leburan hanyar jirgi, ba a daɗe da kai dogo Kano ba. Ya rasu ya bar ta babu ɗa babu jika, ta kama kitso. Doka, shuku, kalaba, duk ta iya, amma waɗannan kowace makitsiya ta iya. Abin da ya bambanta Hansai shi ne dogon gashi mai laushi, irin wanda ke zamewa daga hannu, ya cukurkuɗe da an ɗan yi gumi, bakinsa ya riƙa tsagewa gida biyu kamar tsohuwar tsintsiya. Irinsa gare ni. Na gada wurin mahaifiyata, wadda ta rasu ina goye, kuma tun ina shekara biyar kaina ke kan cinyar Hansai.

Ba ta fara taza daga tushe. Daga baki take farawa, da yatsu tukuna, tana warwarewa sili-sili, sai ya saki sannan mataji ya shiga. Da karkashi take wankewa, ba ta yarda kanwa ta taɓa shi. Mai kuwa baki take shafa wa, fatar kai ɗan kaɗan, don ta ce zafin Ikko da ɗanshinta sun ishi tushe. Idan mace ta ce a ja kitson ya yi kwana arba'in, sai ta ce, "'Yar nan, in kina son a tayar miki da gira sama, ga masu ja can bakin kasuwa. Ni ba na cire wa mutum gashin goshi."

Sannan ga almakashi, wanda shi ne abin tsoron matanmu. Mu a wurinmu mace ba ta yanke gashi, kuma wanda ya zube ma ba a barinsa a ƙasa, binnewa ake yi, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. Hansai ta san wannan sarai. Duk wata uku takan murɗa gashi ɗan kaɗan a yatsa a cikin hasken safiya, bakin da ya tsage ya miƙe tsaye, ta datse shi. Takan ce in an bar tsagar, hawa take yi har ta ci rabin gashin. Duk abin da ta datse a kan ganye yake sauka. Ta naɗe, ta ɗaure, ta sa wa mai shi a tafin hannu: "Ga kayanki, ki binne da kanki." Ko sili ɗaya ba ya kwana a ɗakinta. Maimuna matar mahauci, maƙwabciyarta, ta ce ta taɓa ganin ta bi wata baƙuwa har bakin tasha da ƙullin ganye, ba takalmi, don matar ta manta shi a tabarma.

Ke ce uwar marayun kai, Iya. Ke ce mai hannun da ba ya sa yarinya kuka.

Ina shekara sha shida gashina ya sauka har gadon baya, an kuma sa ranata da Mu'azu, wanda nake so kamar raina. A lokacin ne yayin matajin ƙarfe ya shigo, wanda ake ɗorawa a garwashi a miƙar da gashi. Na ga 'yan matan birni suna sauka daga jirgi kansu na sheƙi, sai shaiɗan ya buga mini ganga. Ni da gashina yake kwance tun asali, me zan miƙar? Wauta ce tsagwaronta. Na ce wa Gwaggo Larai, ƙanwar babana da ta riƙe ni, zan je gidan ƙawata, na hau jirgi ni kaɗai zuwa Ebute Meta, wani shago da ke jikin gidan rawa. Babana ya taɓa rantsuwa cewa duk 'yarsa da aka gani a layin nan ba shi ba ita, kuma dangin Mu'azu da sun ji, an fasa auren ke nan.

Mai shagon ta saba da gashi mai tauri. Ta ɗauko matajin ya yi jawur ta zura a nawa. Na ji ƙauri kafin na ji zafi. Tana ta "pele, pele," wato sannu da Yarabanci, ni kuwa na ɗaura ɗankwali na fito ina kuka. Daga tasha ban je gida ba, ɗakin Hansai na faɗa.

Ta kwance ɗankwalin, ta bi gashin da yatsa har inda ya ƙone. Can ta ce, "Zuliha, shekara goma sha ɗaya ina renon abin nan."

Na ce, "Iya, ki rufa mini asiri."

"Wanda ya ƙone ba ya dawowa. Sai na yanke taƙi guda, in ba haka ba duka zai bi."

Ta yanke. Ta shafa man kaɗanya, ta yi mini kitso ta cusa bakin ciki yadda ba za a gane ba. Ta naɗe ƙonannen a ganye ta miƙo mini. Ni kuwa na noƙe hannu. Na ce Gwaggo tana binciken kayana, kuma ƙaurin nan zai tona ni, ta ajiye mini zuwa gobe in zo in karɓa. Ta dube ni ta ce ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. Na durƙusa. Ta karɓa.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da ni, irin na damina, har ina sambatu. Gwaggo ta kwance kitson don ta jiƙa mini kai, ta ga gashi ya tsaya a kafaɗa. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi ƙofar Hansai, mata suka bi ta.

"Hansai, wa ya ba ki izinin yanke gashin 'yar mutane?"

"Bakin ne ya lalace, Larai."

"Taƙi guda? To ina abin da kika yanke?"

"Yana wurina."

"Fito da shi mu gani!"

"Mai shi ce za ta karɓa."

Shi ke nan fa. Maimuna ta ce Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa an sayar da gashin amarya ga masu asiri, ga yarinya can tana magana da waɗanda ba a gani. Da Hansai ta kwance ganyen nan a gabansu, ƙauri kaɗai ya isa ya wanke ta. Amma da sai a tambaya ina yarinyar ta je. Ta tsaya a bakin ƙofarta tana shan zagi har rana ta take, ba ta ƙara kalma ba.

Bayan kwana tara na warke. Na ji duk abin da ya faru, na yi shiru. Na ce bari a ɗaura aure tukuna. Aka ɗaura, na ce bari in haihu. Na haihu, na ce bari Baba ya tsufa. Haka na yi ta ja har shekara sha biyar, ina canza hanya don kada in bi ta ƙofarta. In akwai matsoraciya a Agege, ni ce, kuma ba na neman a tausasa mini kalmar.

Amma ku ma ba ku fita ba, matan Zango. Wace ce a cikinku ba ta taɓa karɓar ƙullin ganye daga hannunta ba? Shekara ashirin da biyar tana mayar muku da kayanku, rana ɗaya ta ishe ku ku manta. Kuka riƙa janye 'ya'yanku in ta zo wucewa. Kuka daina aika mata abincin suna. Ta koma wankin goro da matan Yarabawa a rumfunan bayan tasha, ruwan goro ya cinye mata fatar hannu, hannun da babu irinsa daga nan har Obalende. Su Yarabawan ne suka ci gaba da kawo mata kai jefi-jefi, suna kiranta Iya Onidiri, wato uwar masu kitso. Ku kuwa kuka kai kawunanku wurin masu ja, ga shi nan yau rabinku goshi ya kai tsakar ka. Ba dariya nake yi ba, takaici ne.

Wuri ɗaya ne ba ku daina kiranta ba: in mace ta rasu. Nan kam kun san babu mai iya tsefe kan gawa a hankali ta yi mata kitso uku kamar Hansai. Bara waccan Gwaggo Larai ta yi jinyar wata bakwai, kanta ya dunƙule ya zama curi ɗaya. Da ta cika, masu wanka suka ce sai dai a sa aska. Maimuna ta aika a kira Hansai, ba ta ma zaci za ta zo ba. Ta zo da kwalbar alayyadinta. Ta ɗora kan matar da ta ɓata mata suna a cinya, ta fara daga baki, da yatsu, har aka kira azahar. Maza suna ta aike a yi sauri, ta ce su jira. Ɗan abin da ya zube ta tattara ta sa a cikin likkafani. Ina tsaye a bakin ƙofa ina gani, ranar ma ban buɗe baki ba.

Ke ce mai riƙon amanar da ta fi ƙarfin mai ita, Iya. Mu muka ci, ke kika biya da mutuncinki.

Shekaranjiya na faɗa wa Mu'azu komai. Ya ce, "Don gidan rawa kawai? Tashi ki je." Na je na same ta tana ɗaure tabarmarta. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin taba duk ya yi tsatsa, ta kasa buɗewa saboda rawar hannu, ta miƙo mini. A ciki akwai tsumma, a cikin tsumman ganye ya zama gari, a cikin garin ga gashina, bakinsa ja a ƙone.

Ta ce, "Kin ce gobe."

Na ce, "Me ya sa ba ki binne ba, Iya?"

"Ba nawa ba ne. Kuma da na tafi da shi Zariya, da maganarsu ta zama gaskiya." Sai ta miƙo hannu ta ɗaga ɗankwalina, ta murɗa sili ɗaya a yatsa ta ɗaga shi wajen haske. Ta yi tsaki. "Wa ke yi miki kai yanzu? Duk ya tsage." Ta ɗauki almakashi, ya riƙa karkarwa a hannunta, ta mayar kan faifai.

Na gode, Iya Hansai. Na gode da shekara goma sha ɗaya da kika yi kina renon kaina, da sha biyar da kika yi kina ɗauke da laifina. Allah ya saka miki da abin da mu muka hana ki. 'Yan mata masu koyon kitso, ku je ku zauna kusa da ita kafin Talata. Ku koyi farawa daga baki, ku koyi sassauta hannu, ku koyi mayar wa mutum abinsa. Kwana huɗu suka rage muku.

Ku kuma iyayena da yayyena na Zango, jirgin Arewa da hantsi yake tsayawa a Agege. Ni zan riƙe mata ƙullin kayanta a hannu ɗaya, gwangwanin nan a ɗaya, don ban binne ba tukuna. Duk wadda ta taɓa cewa Hansai ta sayar da gashina, ta zo tasha ta buɗe da hannunta. Har yanzu ƙauri yake yi.