Awon Tabki daga Gaɓa Ɗaya

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na baro Matankari na shiga kolej a Dogon Dutsi. A shekarata ta biyu aka kawo mana sabon malamin lissafi, ɗan ƙasa, saurayi siriri mai saurin tafiya. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko.

Wata safiya bayan ɗaukewar damina ya shigo aji, ko alli bai taɓa ba.

"Ku fito. Yau tabki za mu auna."

Muka fito kamar an buɗe wa awaki garke. Ni na ɗauko turaku, wani ya rungumi igiya, muna tafe muna ihu har bakin tabkin bayan gari, inda mata ke wanki.

Mushe ya nuna wani gawo a wancan ƙetare. "Ina son faɗin ruwan nan daga nan zuwa gindin iccen can. Amma kada ƙafar kowa ta jiƙe."

Sai ya sa na kafa turke daidai saitin gawon. Muka bi gaɓa muka kafa na biyu, muka ƙara gaba daidai wannan tazara muka kafa na uku. Daga nan ya kira wata 'yar ajinmu, ɗiyar mai wa'azi a coci, ya ce ta tsaya a turke na uku, ta juya wa ruwa baya ta miƙe tudu, tana waiwaye, har turke na biyu ya shiga tsakaninta da gawon.

Ta yi ta tafiya cikin karan hatsi. Can sai muka ji ta ƙwala: "Mushe! Sun haɗu!"

"To, tafiyar da kika yi, ita ce faɗin tabki."

Ya tsuguna ya zana mana a yashi: siffofi biyu masu kusurwa uku-uku, ɗaya a kan ruwa, ɗaya a kan tudu, girmansu ɗaya. Abin da muka yi ta kwafa daga allo ba mu gane ba, ga shi kwance a gabanmu.

Amma rabin aji suka ce sai sun gani da ido. Gardama ta kaure, har matan suka bar wanki suka matso. Wata tsohuwa ta ce akwai doguwa a ruwan, kada wanda ya kuskura. Mushe ya sosa ƙeya, don shi kansa bai iya iyo ba.

Ana cikin haka wani Bafillace ya koro shanunsa suka ratsa tabkin. Ruwan ko ƙirjinsa bai kai ba.

"Mushe, a bar ni in je!" na ce.

Muka aro igiyoyin guga a gidajen kusa, muka ƙulla su daidai tsawon tafiyar yarinyar. Aka ɗaure baki guda a turken farko, na ɗaura ɗayan a ƙugu na faɗa ruwa. Laka tana kama ƙafata, tsohuwa tana salati, 'yan aji suna kiran sunana. Ina isa gindin gawo igiya ta miƙe tsam, saura kamar taki guda in taɓa icce. Na miƙa hannu na dafa shi.

Guɗar da matan nan suka rangaɗa, har cikin kasuwa aka ji ta. Mushe ya jefa hularsa sama, ta sauka cikin ruwa, shi ma sai da ya naɗe wando ya shiga.

Muka koma lakwal a makare. Darasin Faransanci a tsaye na yi shi bakin taga, wandona yana ɗiga.