Ƙanwata Idan-Fa da Tayoyin Jirgi

Makon jiya fanka ta sauko ta gaishe ni. Ni na ɗaura ta da hannuna a falon ƙanwata. Noti huɗu take so, uku na samu, na ja baya na ƙare mata kallo na ce, "Ai zai yi." Ya kuwa yi, har zuwa lokacin da na zauna a ƙarƙashinta da kofin shayi. Allah ya taƙaita, hannun kujera ne ya sha dukan, wandona ya shanye shayin.

Ƙanwar tawa ko ihu ba ta yi ba. Tsugunawa ta yi ta tsince notin, ta jera su a tafin hannu, ta dube ni. Da ma zagina ta yi.

A gida Idan-Fa muke ce mata tun tana ƙarama. Ka ce ta hau keke, sai ta ce, "Idan fa birki ya ƙi?" Muna ta yi mata faɗa a kan wannan hali, ashe akwai masu nemansa da kuɗinsu. Yanzu tana wani kamfani da ke rubuta manhajar jiragen sama, nata ɓangaren shi ne wanda ke gaya wa tayoyi su fito idan za a sauka. Mama ta daɗe tana gaya wa maƙwabta 'yarta tuƙin jirgi take yi. Da aka gyara mata, sai ta koma cewa faci take yi wa jirgi.

Na taɓa leƙa ofishinsu, ina zaton zan ga fukafukai da injina. Sai ga ɗaki mai kafet ruwan toka, da wata kwamfuta da ta girmi babban ɗana, wai ba a canza ta don ita aka gwada aka yarda da ita. Bayan gilashi an rataye taya guda a jikin ƙarfe, tana fita tana komawa, kamar baƙon da ya kasa yin ban kwana. Na ce me ta yi yau. Ta ce layi ɗaya ta gyara.

"Sauran yinin fa?"

"Taro muke yi a kan ko ya dace in gyara shi."

Mijinta ma a nan yake, sashen gwaji. Aikinsa ya bi abin da ta rubuta ya nemo kuskure. Shi kaɗai ne namijin da na sani ana biyansa albashi don ya nemo laifin matarsa, abin da mu saura muke yi kyauta, a ƙarshe ma mu kwana da yunwa.

To ga abin da ya kai ni gidan. Wani kamfanin manhajar odar abinci ta waya ya yi mata tayin aiki, albashi ninki biyu, suna jiran amsarta. Mama ba ta ji komai a zancen ba sai "ninki biyu", ta turo ni in shawo kan yarinyar. Ɗaura fankar nan ma don in sanyaya mata rai ne kafin in buɗe baki.

Bayan an share falo na gyara murya. Na ce, "Ke fa motarku sai an tura take tashi. Yara suna girma. Can in kin yi kuskure me zai faru? Shinkafar wani ta huce, a ba shi haƙuri."

Ta ce, "Kana zaton ban so ba ne, Yaya? Na gaji. Ƙawayena yau su rubuta abu, gobe yana hannun mutane. Ni sai na manta na rubuta shi kafin ya tashi sama."

"To ki tafi mana! Taya ce fa. Ko babu ke za ta fito."

Mijin ya ɗago kai daga wayarsa zai sa baki, na ce, "Kai dai yi shiru, tsoro kake ta tafi ka rasa wanda za ka kama."

Ta juya notin nan a hannunta. Ta san ni sarai: duk sanda na hau jirgi zuwa saro kaya, ba na sakin hannun kujera sai na ji dum ɗin tayoyi a ƙarƙashina.

Ta ce, "Wata mai zuwa za ka yi tafiya, ko?"

"In Allah ya yarda."

"Shi ke nan, zan karɓi aikin. Amma wanda za su ba kujerata, ran nan muna cikin taro na ji ya ce, 'Ai zai yi.'" Ta kama hannuna ta zuba mini notin. "In kun zo sauka sai ka leƙa ta taga ka ƙirga, Yaya. Wataƙila shi ma uku ya samu."