Baban Lizzy da Gwangwanin Kuka

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗana Fatihu ya ɗauko ni daga Funtuwa ya kawo ni Laurel, nan Amurka. Ni ba mai yawan fita ba ce, daga sallaya sai bakin taga. Ta tagar nan na fara sanin maƙwabcinmu Dung, wanda nake kira Baban Lizzy, da sunan 'yarsa.

Mutumin Riyom ne, can wajen Jos. Gajere ne, kafin ka gan shi ka ji dariyarsa. Can gida Najeriya kifi yake kiwo a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ya zo nan a 2004, ya shekara bakwai yana gadin sito, matarsa Martina kuma tana aikin jinya. Duk Lahadi in sun taso daga coci sai sun leƙo sun gaishe ni.

A 2011 ya samu aikin da ransa ke so, a wata gona da ba ƙasa ba rana. Ƙaton ɗaki ne cike da tankunan ruwan gishiri, ana kiwon jatan lande. Ni dai busassunsu na sani a kasuwa. Aikin na gwaji ne, wata shida. In mai gonar, wata mata ana ce mata Olive, ta gamsu, ta riƙe shi. In ba ta gamsu ba, ya koma gadi.

To, cuta takan shiga gonar, jatan landen su ƙi ci, su kwanta ƙasan tanki su mutu. Olive ta samu labarin cewa garin ciyawar teku, in aka cuɗa musu a abinci, yana iya ƙara musu ƙarfin jure cuta. Ta ware tanki ɗaya ta damƙa wa Baban Lizzy. Ciyawar ta zo a buhu, busasshiya, tauri kamar ƙirgi. Injin markaɗen Martina ya ƙone a kanta.

Sai ga shi a ƙofata. "Mama, turmin nan naki yana aiki, ko ado ne?"

Na ce, "Ya girmi matarka, kuma bai taɓa ƙonewa ba."

Muka daka a ɗan filin da ke bayan gidanmu, na tankaɗe da rariya. Gari ya fito kore shar, sak kuka. Na juye a gwangwanin madara, don a ina kuma ake zuba gari? Kukata ma a irin gwangwanin take, duka biyun suna ajiye wuri ɗaya. Ranar Juma'a da safe ya zo a gurguje, na ɗauko na miƙa masa.

Lahadi da rana na kira su cin tuwo. Tun a wuta na ji miyar tana wani ƙarni, na ɗora wa daddawa laifi. Martina ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"Mama, kin sa kifi ne?"

"Ban sa ba."

Baban Lizzy ya ɗanɗana, ya dafe kai. "Mun ci abincin jatan lande. Su kuma kwana uku ke nan suna shan miyarmu."

Fatihu ya yi dariya har ya ƙware. Shi kam Baban Lizzy ko murmushi.

Martina ta ce, "Ka musanya gwangwanin shiru mana. Jatan lande ne za su kai ƙararka?"

Ya ce, "Kullum ina rubuta abin da suka ci. In na bar ƙarya a takardar, gwajin matar nan ya tashi a banza, ita ba ta sani ba."

Na ce, "Hannuna ne ya miƙa, ƙafata za ta je."

Litinin na sa hijabina na bi shi. Ya faɗa wa Olive komai da Turanci, ni ina tsaye riƙe da gwangwani biyu. Ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta dubi jatan landen suna ta iyonsu lafiya lau. Sai ta fashe da dariya. Ta ce a soke kwana ukun, a fara gwajin daga farko.

Bayan wata biyu cuta ta sake zagayowa. Ta taɓa tankinsa, amma mutuwar ba ta kai ta sauran ba. Olive ta ce tanki ɗaya bai isa a yanke hukunci a kan ciyawa ba, sai an maimaita. Amma a kan mutum ta riga ta yanke: wanda ya kawo kuskuren da ba wanda ya gani, shi take so ya riƙe mata takardu. Ta riƙe shi, alhamdu lillahi. Ya shekara takwas a gonar.

Yanzu gwangwanin kukata yana da jan zare a wuya. Duk da haka, in na ajiye wa Baban Lizzy tuwo, sai ya ɗaga murfin miya ya shinshina.

"Mama, tamu ce ko tasu?"

In ce, "Ci, Baban Lizzy. In tasu ce, ai ba za ka yi mura ba bana."