Wankan da Ya Wuce Arba'in

Jiya a wani lungu na Roni ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya bugi hancina, sai na tuna Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu.

Gudun hijira ya kawo mu daga Borno ina da cikin fari. Gidan uwa ake komawa wankan jego, ni kuwa ba gidan, ba uwar. Da na haihu sai duniya ta yi mini duhu. Jaririya tana kuka, ina kallon bango. Matan unguwa suka ce rashin godiya ne.

Iya ce ta ɗauki wankana. Kowace safiya takan hura wuta, ta tsoma ganye a ruwan zafi ta fyaɗa mini, ta dama kunun kanwa.

Ranar da na cika arba'in, tana kife tukunya na ce, "Iya, har yau ban ji son yarinyar nan ba. In kin daina zuwa ban san yadda zan yi ba."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da tukunyar kan murhu.

"'Yar nan, jiki ne ya yi arba'in, zuciya ba ta iya ƙirga ba. Miƙo mini ashana."

Ta ci gaba da zuwa har kaka, har ranar da ta tarar ina yi wa yarinyar wasa.

Bara ta rasu. Allah Ya yalwata kabarinta, Ya ba ta abokin zama a ciki, kamar yadda ta zame mini.