Icen Tsamiyar Baba Nomau

Wata Lahadin kasuwar Jibiya, shekara biyu da fitowar naira, wani ɗan kwastan ya tare jakinmu a shinge, ya sa aka sauke akusan da babana ya yi wata uku yana sassaƙawa don kaiwa Maraɗi. Ya nuna mana hoton kalanda, wani tulun katako mai dogon wuya, ya ce kayanmu na hannunsa sai an yi masa irinsa kafin Lahadi mai zuwa. Fure zai riƙa sawa a ciki. Lokacin kuɗin mai sun sa manya son abin da ba a ci ba a sha da shi. Ni da na kai aji uku, babban malamin gidanmu ke nan, na tabbatar wa Baba haka Turawa ke yi.

Busasshen ice ya ƙare mana, aka aike ni nema. Rana ta yi zafi, ƙyuya ta kama ni, sai na jawo wani reshe da iska ta karya daga tsamiyar bayan garin Magama, wadda maƙwabcinmu Baba Nomau, Bamaguje, ke zuba wa jinin kaza duk farkon damina. Ko mata masu neman itacen girki ba sa taɓa ta. A hanya na gamu da shi. Bai tsawata mini ba, ya dai ce, "Ɗan boko, icen ga bai son wuta."

Da na isa gida, babana ya daɗe yana duban reshen, ya dube ni. Ya kafa shi tsakanin turaku biyu, ina jan igiya yana juyawa, shi yana fiƙe shi, har wuya ya fito. Ranar Asabar ya gasa ƙarfen zane ya yi jawur. Yana ɗora shi icen ya yi tsuwa, ruwa ya tsattsafo, tulun ya tsage, ƙarfen ya zame ya kwanta masa a tafin hannu. Masu ilimi sun ce ɗanyen ice ne kawai. Na yarda, ni ma ai na yi aji uku. Akusanmu dai ba su dawo ba, yatsun Baba uku kuma ba su ƙara miƙewa ba. Sai bayan shekaru ya gaya mini tun a ƙofa ya gane icen, amma kwana shida kawai gare shi.

Yanzu jikana a Katsina lantarki ke juya masa katako, wani inji kuma ya zana fure a jikin tulu da ɗigon haske, ba gawayi ba zuga. Nakan tambaye shi inda aka saro icen, ya ce, "Kasuwa mana, Kaka." Idan hayaƙin ya fara tashi, ni dai a bakin ƙofa nake tsayawa.